Takabar Miji Mai Rai

Ruƙayyatu tana tankaɗen garin masara a tsakar gida mahaifinta Malam Salmanu ya shigo, gwiwar wandonsa duk jar ƙasa. Ko kallonta bai yi ba, ya ce wa uwarta Ma'u ta cire wa yarinyar 'yan kunne da awarwaro, an binne mijinta.

"Baba, wane mijin? Abdulkahar da na ji ƙarar babur ɗinsa da safen nan?"

"Mu dai mun sallace shi. Ki shiga takaba."

Haka 'Yan Farin Zare suke yi. Shekara shida ke nan da wani da suke kira Jagora ya yada zango a bakin daji bayan Kusasu, ya ɗaura wa mabiyansa zare a wuyan hannu, ya ce su kaɗai suka rage a kan hanya. Duk wanda ya tsinke nasa, sai a naɗe zaren a likkafani, a sallace shi, a binne. Daga ranar mutumin ya zama mamaci, ba mai amsa masa sallama ko da uwar da ta haife shi ce.

Shi kuwa Abdulkahar ba haka kawai ya tsinke ba. Ƙyanda ce ta kama 'yarsu Ummi, Jagora ya hana a kai ta asibiti, wai ruwan rijiyarsa ya isa. Kwana tara yarinyar ta cika. Daga maƙabarta Abdulkahar ya wuce ƙofar Jagora, ya sa haƙori ya datse zarensa, ya jefar a gaban jama'a.

Ya koma cikin Birnin Gwari wurin waɗanda suka riga shi fita, suka kai ƙara. Alƙali ya ce aure yana nan daram. Mutanen Jagora suka aiko da cewa su ba su san kotun da ke sauraron matattu ba, kuma ba a samu ma'aikacin da zai yarda ya bi wannan hanyar daji da takarda ba. Magana ta mutu a nan.

Duk da haka kowace Juma'a sai ya zo. Ya jingine babur, ya tsaya a bayan danga ya yi sallama sau uku, gidan ya yi tsit. Ruƙayyatu na ɗaki tana toshe baki da mayafi, don tana sonsa son da ita kanta yake ba ta tsoro. Amma in ta amsa, nata zaren za a binne.

"Ruƙayya, ba zan ce ki bar iyayenki ba," ya ce wata rana ta kafar danga. "Ki dai sani da raina."

Ta yi haƙuri wata huɗu da kwana goma, tana sa ran zuciyar mahaifinta za ta yi sanyi. Ina! Ranar fita takaba ta durƙusa gaban uwarta.

"Inna, mijina yana waje. Ki yafe mini."

Ma'u ta riƙe hannunta da ƙarfi, hawaye na zuba. Ruƙayyatu ta sa wuƙar yanka kuɓewa ta yanke zaren. Tana hawa babur ta hango mahaifinta ya sunkuya ya ɗauki zaren, har ya aika a yago ƙyallen likkafani.

Yau shekara uku. Allah ya ba su ɗa, Suhaibu, an yi masa allurar rigakafi duka. Kowace Juma'a suna zuwa bayan dangar su yi sallama, har yanzu ba a taɓa amsawa ba. Sai dai kullum suna tarar da ƙwaryar fura a bakin danga, da yaji sosai yadda Ruƙayyatu ke so. Jagora bai hana a yi wa mamaci sadaka ba, shi ya sa Ma'u ke fitar wa 'yarta da sadaka duk mako.

Iyakar abin da haƙurinta ya saya mata ke nan, mijinta da ƙwaryar fura. Duk wanda ya ce ka binne ɗanka da rai don ka shiga Aljanna, ka guje shi tun kafin ya ɗaura maka zare. Ruƙayyatu takan sha furar a tsaye, ta ɗura wa Suhaibu, ta mayar da ƙwaryar. Ta kafar danga tana ganin ƙafafun uwarta, ba sa matsowa, ba sa tafiya.