Na Buɗe wa Kowa

Sau uku manhajar da ke tura aikinmu da kanta zuwa saba, wato babbar kwamfutar kamfani, tana cijewa, wai ba ta da izinin rubutu. Oga ya ce in gari ya waye ban gyara ba, in nemi wani aikin. Haushi ya sa na buɗe izinin fayilolin sabar, kowa ya karanta, kowa ya rubuta. Nan take ta wuce.

Sai kujerar gefena ta yi ƙara, warin jiƙaƙƙiyar ƙasa ya cika ofis. Wani dattijo ne zaune, ƙirjinsa ba ya motsi.

"Baba, wa ya buɗe maka ƙofa?"

"Ke mana, 'yata. Ba kowa kika ce ba?"

Na juya zan rufe fayilolin, na tarar an cire sunana daga masu izini.