Numfashin Bayan Labule

Ana gab da kiran magariba nas ta turo tukunyar iskar numfashi zuwa ɗakin ƙarshe, ƙafafunta kamar na aro. Tun asuba take tsaye. Wadda za ta karɓe ta kuwa ta bugo waya, wai mota ta lalace. Motar nan dai ba ta lalacewa sai ranar aiki.

Mara lafiya ɗaya ce a ɗakin, mai tsohon ciki, huhunta ya daɗe da gajiya tun tana yarinya. An tokare ta da matasai, don in ta kwanta cikin yakan danne mata ƙirji. Leɓɓanta sun yi duhu. Mijin ya fita neman magani.

"Anti... mutuwa zan yi?"

"Ba a hannuna ba dai, na gaji da yawa. Ɗan sunkuyo. Shaƙa ta hanci, ki hura ta baki kamar mai huce shayi. Rufe ido, ki bi numfashina kawai."

Ta ɗaura mata robar iska, ta dafa cikin, suka shiga jan numfashi tare. Tukunya na huci. Kukan ƙirjin ya fara lafawa. Nas ta jingina kai da bango, barci ya sace ta.

Wari ne ya farkar da ita, irin na jiƙaƙƙen tsumma da ya kwana a bokiti.

Matar na numfashi a hankali, tana bin na wani. Daga bayan labule yake fitowa, dogo, mai sanyi. Duk ja ɗaya sai tazarar ta ƙaru, ƙirjin matar kuma ya tsaya yana jiransa.

Nas ta leƙa ƙarƙashin labulen. Babu ƙafafu.

"Ƙanwata, wa kike bi?"

"Ke mana," ta raɗa. "Da daɗi... kar ki daina."

Aka hura daga bayan labule. Ba a ja ba.

Matar ma ba ta ja ba.

Ɗan cikin ya harbi tafin nas da ƙarfi.

Tsoro ya kama ta, haushi ya biyo baya. Ta yi bismillah, ta tallabi fuskar matar, ta buɗe mata ido da yatsa.

"Ni za ki kalla! Ja!"

Nas ta ja numfashi da ƙara, kamar mai hawan tudu da kaya. Ta sake. Ta kuma.

Matar ta sarƙe, ta yi tari, ta ja.

Labule ya kwanta. Wani sanyi ya bi wuyan nas, ya tsaya a bayan kunnenta.

Matar ta sauka lafiya, ta samu 'ya mace mai ƙarfin kuka. Nas kuwa ta roƙa aka mayar da ita ɗakin masu karaya, ba ta ƙara cewa kowa ya bi numfashinta ba. In ta yi shiru tana jin numfashin nan a bayan kunnenta, yana bin nata, yana jiran ranar da za ta gaji ta bi nasa.