Jan Faifan Uwani

Ranar da Uwani ta fita takaba ta ɗauki ƙwaryar furarta zuwa ƙofar masaƙa a Sharada, babu wanda ya saya. Ma'aikata suka riƙa wuce ta kamar ba su taɓa ganinta ba, wani ma ya tofar da yawu. Har la'asar tana zaune, furar ta yi tsami, hawaye na ɗiga a kan faifai...

Mijinta Isyaku ne ya kafa Jam'iyyar Gumin Talaka a 1978, shi da masaƙa da majema na Sharada da Challawa da Bompai. Ba ta samu rajista ba, ba ta da ofis. Ƙwaryar Uwani ce allon sanarwarta: in ta rufe da jan faifai akwai taro a bakin kogin Challawa, in fari ne kowa ya tafi gida. Inji ya kama Isyaku ya mutu, Uwani ta shiga takaba, matar Gwadabe, wan Isyaku, ta riƙa kai mata furar ƙofar masaƙa. Wata Asabar aka ga jan faifai. Mutane suka je bakin kogi, suka tarar da 'yan sanda.

Uwani ta je wajen Malam Lawan, dattijon jam'iyyar, wanda ya fito daga tsare da karyayyen hannu. Ta durƙusa.

"Baba, wallahi da farin faifai na rufe ƙwaryar! Ku yarda da ni!"

"Jan faifan a ɗakin wa yake kwana, Uwani?"

"A nawa..."

"To, tashi."

Gwadabe kuwa aka ba shi helima, wato shugaban leburori, a masaƙar. Ya fitar wa Uwani da kayanta tsakar gida, ya ce ba zai zauna da maciya amana ba. "Yaya, ina zan kai marayun ƙaninku?" Bai waiwayo ba. Ta kama ɗaki a Dorayi tana wankau, autarta ta rasu da ƙyanda. Duk da haka kullum sai ta kai fura ƙofa da farin faifai, ta dawo da ita. "Ya Allah, Kai ne shaidata!" Abin da take faɗi ke nan.

Da tsuke bakin aljihu ya zo, masaƙa ta rage ma'aikata, har da Gwadabe. Ya tare motar manaja a ƙofa lokacin canjin aiki, idonsa ya rufe.

"Ni za ku kora? Ni da na shiga ɗakin Uwani na ɗauko jan faifan na ɗora muku da hannuna!"

Duk ma'aikatan da ke ƙofa suka ji. Manaja ya ɗaga gilashi ya wuce. Daga ranar ba wanda ya sake amsa sallamar Gwadabe a Sharada, har ya bar gari.

Malam Lawan ya tako gaban ƙwaryar, ya cire hula, gemunsa ya jiƙe.

"'Yata, mun zalunce ki. Ki yafe mana."

"Na yafe, Baba. Amma 'yata ba za ta dawo ba."

Jam'iyyar ba ta taɓa cin ko kansila ba, sojoji kuma suka hana siyasa bayan ƙarshen 1983. Amma ita ta tilasta aka sa wa injinan murfi, ita ta ɗauki karatun marayun Isyaku. Washegarin tonon asirin, Uwani ta rufe ƙwaryarta da jan faifai. Kafin a busa tashi daga aiki, ludayi ya taɓa gindin ƙwarya.