Kwalayen Gidan Takaba

Da safiyar Talata jami'an kwastan suka farke wani ƙaramin kwali da ya shigo New York daga ƙetare, wai kayan gyaran keken ɗinki ne. Ina keke! Kunamar bindiga ce da wasu ƙarafa, naɗe cikin tsumma mai maiƙo. Adireshin na shagon Alhaji Mukhtari ne a Morrisania, sunan kuma na Alkasim Idi, direban tasi da aka binne tun kafin azumi. Da aka duba, ashe irin waɗannan kwalaye sun sha wucewa a baya.

Sufeto Fauzia Shitu aka miƙa wa aikin, don ita kaɗai ke jin Hausa a ofishin. Wallahi ta gaji da wannan gata. Duk ranar da aka tuna da ita, to wani nata ne ya shiga uku. An gaya mata ƙarara cewa in la'asar ta yi ba ta kawo wani ba, jami'an tarayya za su tafi da tsohon mai shagon da aka tsare, takardun zamansa su mutu, a mayar da shi Maraɗi bayan ya gama zaman kurkuku.

Ta same shi a ɗakin tambayoyi, hula a gwiwa. Ya ce shi bai san komai ba. Rabin unguwa da adireshin shagonsa suke sayayya, domin kayan da aka ajiye a ƙofar bene ba ya kwana. Shi dai ya karɓa ya ɗora a kantar shago, mai shi ya zo ya ɗauka.

"To na Alkasim fa, Baba? Mamaci ba ya zuwa ɗaukar saƙo."

"Matarsa tana takaba, ɗiyata. Duk wanda zai bi ta can sai ya kai mata. Lada ne."

"Wa da wa?"

Ya ce mutane da yawa, bai riƙe ba. Ya faɗi haka yana kallon hularsa. Fauzia ta san irin wannan mantuwar, a gidansu ta taso da ita. Haushi ya kama ta, tausayi ya danne shi, ta fita.

Wanda kowa ke nunawa da baki shi ne Ismaël, ƙanin marigayin, mai sayar da agoguna a Canal Street. Tun da aka yi masa fashi yake cika baki cewa sai ya mallaki bindiga. Ta same shi yana gyara tebur, ya kuwa amsa ba gardama. Ya ce ya nemi lasisi, an ɗauki hoton yatsunsa, an yi masa tambayoyi kamar mai neman aure, har yau jira yake. Sayen bindiga a nan wahala ne da tsada, amma shi ba zai yi odar abin da bai gani da idonsa ba. Ta buga waya ta tabbatar, ta cire shi daga zargi. Mutumin da ya kai fuskarsa da yatsunsa gaban hukuma ba shi zai ɓuya bayan sunan wansa ba.

Saura gidan takaba, kuma nan ne ba ta son zuwa. Ta bar abokin aikinta a mota, ta yafa mayafi, ta hau benensu da ke unguwar Concourse Village a ƙafa don lif ɗin ya lalace. Maƙwabciya, Hajiya Nimatu, ita ta buɗe, ita ce mai tsaron ƙofa tun ranar rasuwa. Mariama, matar marigayin, na zaune a tabarma da carbi. Fauzia ta yi gaisuwa yadda ya kamata, ta sha kunu, sannan ta tambaya. Mariama ta ce ita ba ta yi odar komai ba, ba a kuma kawo mata wani ƙarfe ba. Abinci dai jama'a ba su gaza ba, Allah Ya saka.

Fauzia ta miƙe za ta tafi. Wajen sa takalmi idonta ya faɗa bayan firji, inda aka ninke kwalaye aka jera. Ta kusa dariya, domin ko mahaifiyarta ba ta taɓa yar da kwali ba, sai ta ce za a aika kaya gida. Ta zaro su ɗaya bayan ɗaya. Na taliya, na sabulu, sai ga wasu ƙanana masu tambarin ƙetare da sunan Alkasim. Ta shinshina. Dabino, a ƙarƙashinsa kuma warin man ƙarfe.

"Hajiya, wa ya kawo waɗannan?"

"Malam Hamidou mana, aminin marigayi. Dabino yake cikowa. Daga ƙofa yake miƙowa, bawan Allah, ko ciki ba ya leƙawa."

A garejinsa aka kama Hamidou, da sauran ƙarafan cikin akwatin sifana, an fara haɗa su. Ya fara rantse-rantse, Fauzia ta ɗaga masa hannu. Ba ta da ƙarfin jayayya, sai kawai ta warware masa. A shagon bindiga na gari sai an ga lasisi an ga fuska, shi kuwa masu sayensa ba masu lasisi ba ne, don haka ya koma odar guntu-guntu daga waje. Ya zaɓi sunan mamaci saboda babu mai buɗe saƙon mai takaba, babu mai tambayarta. Amma ya fito daga shago da kwali a idon 'yan unguwa yana cewa na Mariama ne, dole a ga kwalin ya hau bene. Shi ya sa yake juye ƙarafan a mota ya zuba dabino.

"Ka lissafa komai," in ji ta, "sai dai ka ɗauka za a zubar da kwalin."

Hamidou ya sunkuyar da kai.

Ana kiran la'asar a wayar wani ta buɗe wa Alhaji Mukhtari ƙofa. Ta gaya masa an sallame shi, takardunsa na nan lafiya. Bai yi murna ba. Ita ma abin na cinta, sai ta tambaye shi kai tsaye.

"Baba, ka san shi ne. Da ka bari an tafi da kai?"

Tsohon ya daɗe yana neman hannun rigarsa.

"Na yi zato, ban sani ba," ya ce. "Ni da shi muka wanke gawar Alkasim. Ni ke cuɗawa, shi ke zuba ruwa, yana kuka. Da wane baki zan kira sunansa?"

Fauzia ta riƙe masa rigar har ya sa hannu, sannan ta tambaye shi ko yana da alwala.