Gangar Bayan Raga

Nayeli na laɓe a bayan labulen kicin, ƙullun masara bai bushe a hannunta ba, ta ga mahaifinta ya ɗauki kwandon neman auren ya mayar wa mahaifiyar Efraín a kan cinya. Burodi mai sukari, cakulan, kyandirori, kwalbar giyar mezkal, komai na nan yadda aka jera, ko ƙyallen da aka rufe shi da shi bai ɗaga ba.

"Ki yi haƙuri, Doña Herminia," in ji Don Eusebio. "Wanda ya kasa riƙe ƙwallo, ba zan ba shi riƙon 'yata ba."

Efraín ya tashi tsaye. Ya kama hannun mahaifiyarsa ta miƙe, ya yi sallama cikin ladabi, ya ɗan kalli labulen don ya san tana wurin. A garinmu San Onofre in aka mayar da kwando, magana ta mutu ke nan. Nayeli ta zauna kan buhun masara ta yi kukan da rabonta da irinsa tun rasuwar mamanta.

Duk a kan ƙwallo. Wanda ba ɗan garin ba zai yi dariya, mu kuwa da muka tashi da kulob ɗin garinmu Faroleros ba ma yi.

Da, ranar Lahadi ta Faroleros ce. Fadan coci da kansa yakan taƙaita wa'azi don kada a rasa farkon wasa. Maman Nayeli na sayar da tamale, alalar masara, a ƙofar fili, Don Eusebio na bayan raga da gangarsa, Nayeli na kan wuyansa tana ja masa gashi duk sanda aka ci. Shekarar da aka ɗauki kofi har mahaƙar azurfa sai da aka rufe, aka kwana biyu ba wanda ya shiga rami. Gangar nan kuma ba ta nishaɗi kaɗai ba ce. In lafiya lau ake, a hankali yake bugawa. In abokin hamayya ya laɓo ta bayan mai tsaron raga, sai ya saki wani kiɗan gaggawa da kowa ya san ma'anarsa: duba bayanka. Duk golan da kulob ɗin ya raina, da kiɗan nan ya tashi a kunne. Efraín ma haka, kuma garin waiwayen ne wata rana idonsa ya faɗa kan 'yar mai gangar, daga nan ya riƙa waiwaye ko ba a buga masa ba.

Sai abubuwa suka fara lalacewa. Mai kulob ya sayar da duk ɗan wasan da ke da ƙafa, ana sauya koci kamar riga, ciyawar fili ta ƙone ba mai ba ta ruwa. A wasan ƙarshe na kaka canjaras kawai ake nema a tsira. Ana dab da tashi Efraín ya cafe wata ƙwallo, ya ajiye ta ƙasa zai buga, ashe ɗan gaban baƙi yana bayansa. Ya zagayo ya ɗauke ta, ya tura a raga. Faroleros ta faɗa rukunin ƙasa.

Laifin mutum goma ne, amma gari wuya ɗaya yake so ya rataya wa. Leocadio, ɗan ƙanen mai kulob, shi ya zaɓo wuyan. Yana da shiri a rediyo, kullum da safe ana karyawa yana kiran Efraín "Mai Barci", sunan kawunsa kuwa bai taɓa fitowa daga bakinsa ba. Da yamma sai ya shafa turare ya zo gidan Don Eusebio da furanni, wai gaisuwa ya kawo. Gaisuwar da idonta ke kan ƙofar kicin.

Ranar Juma'a Nayeli ta sami Efraín a dandalin gari, a bencin da suka saba zama suna shan kunun masara. Ya gaya mata jibi zai tafi Monterrey, ɗan'uwansa ya samo masa aiki a garejin mota. Yara sun fara jifan rufin gidansu, mahaifiyarsa ta daina zuwa kasuwa.

"Ganga ka jira, ko?" ta ce.

Ya sunkuyar da kai yana juya kofin hannunsa.

"Efraín, ni ban juya baya ba ranar nan. Na ga mutumin. Na yi ihu har muryata ta dishe..."

"Na sani, rabin raina. Na ji wata murya, amma kunnena ganga yake nema."

Abin da ba wanda ke son tunawa ke nan. A makon wasan Leocadio ya yi ta zuga magoya baya a rediyo cewa su juya wa 'yan wasa baya a ƙarshen wasa, don su nuna musu ba su da kishin gari. Kuma aka yi. Don Eusebio, da zuciyarsa ta daɗe tana tafasa, shi ya fara ajiye sandunan kiɗa ya juya, duk bayan raga suka bi shi.

Nayeli ta ce to me ya hana shi faɗa? Ya yi murmushin da ya fi kuka ciwo, ya ce kuskure dai ya yi shi, da ya waiwaya da kansa da ba a kai nan ba. Kuma tun rasuwar mamanta gangar nan ce kaɗai ta rage wa tsohon.

"In na ce shi ne, me zai tashi da shi da safe? Bar ni na ɗauka, Naye. Kafaɗata ta fi tasa ƙwari."

A wurin ta ƙara sonsa, a wurin kuma ta ji haushinsa ya kama ta. Ita aka tambaya ko za ta iya ɗaukar rashinsa?

Washegari da rana Goggo Chayo, yayar baban Nayeli, ta dafa kaza da miyar mole, Leocadio kuma ya iso daidai lokacin zuba abinci, kamar kullum. Yana ci yana ba da labarin yadda Mai Barci ya kashe kulob mai tarihi. Don Eusebio na gyaɗa kai. Nayeli ta ajiye tiren waina a tebur da ɗan ƙarfi.

"Baba, da idonka ka ga ƙwallon nan ta shiga?"

"Wace irin tambaya ce wannan? Duk gari ya gani."

"A waya kuka gani, daga baya. Ka sake kallo, Baba, amma kar ka kalli Efraín. Ka kalli sama da ragar, inda ganga take."

Leocadio ya yi dariya ya ce mata da ƙwallo sai a hankali. Goggo Chayo ta janye farantin gabansa ta ce ai ya ƙoshi, ƙofa na nan inda ya bar ta. Ya fita yana goge baki da hankici.

Don Eusebio ya ɗauko wayarsa, ya sa tabarau. Ya sha kallon bidiyon nan fiye da a ƙirga, kullum idonsa na kan hannun yaron. Yau ya ɗaga ido kaɗan. Ga bayan mutane a jere, ga hularsa ta kaba, ga ganga a ajiye gefe. Ga kuma yarinya ɗaya tilo tana fuskantar fili, bakinta a buɗe.

Ya ajiye wayar a tebur.

"Efraín ya sani?" ya tambaya a hankali.

"Tun ranar. Shi ya hana ni faɗa maka."

Tsohon ya cire tabarau ya shiga ɗaki ya rufo ƙofa. Nayeli ta wanke kwanuka da hawaye, tana ganin ta fasa zuciyar ubanta kuma ba ta tsayar da masoyinta ba.

Lahadi bayan coci Efraín ya biya ta filin wasa da jakarsa, kafin lokacin mota ya yi. Ba kowa. Ciyawa ta yi ja, fentin kujeru ya ɓare. Ya tsaya a tsakiyar ragar da ya tsare tun yana saurayi, ya rataye safar hannunsa a jikin turke, yana kallon filin da a da in ya cika ko maganar na kusa da kai ba ka ji.

Sai ganga ta tashi. Kiɗan gaggawa, kiɗan duba bayanka.

Jikinsa ya riga tunaninsa juyawa.

Nayeli ce tsaye a bayan raga, sanye da rigar kulob ta mamanta da ta koɗe. Can sama a kan matakala Don Eusebio ne, hula a ƙasa, sanduna a hannu, fuska sharkaf da hawaye.

"Na makara da wannan kiɗan, ɗana," ya ce. "Ka gaya wa mahaifiyarka ta dawo da kwandon."

Efraín ya ajiye jakarsa ya matso jikin ragar. Nayeli ta zura yatsunta ta cikin ragar ta kama nasa.

"Motar Monterrey fa?" ta ce tana dariya tana kuka.

"Ta tafi abinta."

Don Eusebio ya share ido da bayan hannu, ya ce burodin nan dai ya bushe, a sayo sabo, kada a ce ya karɓi suruki da tsohon burodi. Sannan ya gyara zaman gangar, ya koma bugun nan na a hankali, na lafiya lau.