Abin da Aka Zubar a Kwata

Yammacin wata Laraba ce, rana ta kusa faɗuwa, falon shiru in ban da gurnanin injin iska mai hura ruwan tankuna. Maigidan, wani mai gyaran agogo, yana durƙushe gaban tankunansa na gilashi guda uku, inda yake kiwon jatan lande na ado, ƙanana, jajaye jawur. Shekara bakwai yana gyara jininsu, kuma aikin babu tausayi a cikinsa. Duk wata sai ya sa 'yar raga ya tsame waɗanda suka fito fari-fari ya jefa a bokiti, a kai kwatar bayan gida, kada su hayayyafa su ɓata masa launi.

“Wannan a ajiye. Wannan a zubar,” haka yake faɗa shi kaɗai.

Sai ga 'yarsa ta tsakiya, wadda ake kira Shiru-shiru, ta miƙo masa takardar sakamakon jarrabawa. Yayarta kullum ita ce ta ɗaya, ita kuwa ta ashirin da shida ta zo. Ya duba da gefen ido, ya yi dariya.

“Ke ma da a tankin nan kike, da tuni kin bi kwata. Ungo, je ki zubar.”

Yarinyar ta ɗauki bokiti ta fita. Ta daɗe ba ta dawo ba. Da ta dawo kuwa, ba ta ce uffan ba, amma da yake ba mai magana ba ce, babu wanda ya kula.

Washegari da magariba aka fara jifa. Tsakuwa ce ƙanana, jiƙaƙƙu, irin ta ƙasan tanki, tana faɗowa daga silin alhali babu ko huda. A rana ta uku aka ji murya daga bayan gida, muryar tsohuwa, tana ja a hankali: “Wannan a ajiye. Wannan a zubar.” A ta huɗu Shiru-shiru ta daina ci. Sai a same ta tsugune bakin kwata, tafin hannunta sanyi ƙalau, ana ɗauko ta tana komawa.

An kai ta asibiti, an ce lafiyarta lau. Lafiya lau, yarinya kwana shida ko ruwa sai an ɗura mata! Uwar ta rame don kuka, ta riƙe rigar mijin ta ce, “Wallahi in 'yata ta mutu kana shafa gilashi, ba zan yafe maka ba.” Ranar ya je ya ɗauko wani Malam mai ruƙiyya.

Malam ya zo bayan la'asar, ya zauna kusa da kan yarinyar ya soma karatu. Injin iska ya tsaya cak, alhali akwai wuta. Can sai bakinta ya buɗe, muryar tsohuwar ta fito.

“Malam, daina ƙona ni. Ni ba ɓarauniya ba ce.”

“Wace ce ke?”

“Mai kwatar. Shekara bakwai ina karɓar abin da ya zubar, ina rainonsu. Ban taɓa taɓa nasa ko ɗaya ba. Wannan ma da bakinsa ya ce ta kwata ce. Ta zo tana kuka, na karɓa.”

Malam ya juyo wajen uban. “Ka faɗa?”

“Wasa nake yi, Malam.”

“Ita da wasa ta ji?”

Uban ya rarrafo gaban 'yarsa, babban mutum, yana roƙon abin da ba ya gani. “Don Allah ki sakar min ita. Me kike so?”

“Ba ni waɗanda ba ka taɓa zubarwa ba. Dukansu, kafin rana ta faɗi.”

“Ba a ciniki da ku,” in ji Malam. “Da izinin Allah za ki fita, ko da za mu kwana uku muna yi.”

Amma uban ya dubi leɓen yarinyar da ya bushe ya tsage, ya san ba ta da kwana uku. Bai jira kowa ba. Bokiti bayan bokiti yake kwasa yana gudu, ruwa na zuba a kafet, har manyan matan jatan landen masu ƙwai a ciki, waɗanda ko yayar ba ya bari ta matsa kusa da su, duk ya juye. Ya tsaya yana kallo kwata ta yi ja, sannan ta washe.

A falo yarinyar ta yi atishawa sau uku, jikinta ya saki. Injin iska ya tashi da kansa, yana hura tankunan da babu komai.

Ta sha ruwa a hannun uwarta. Ta daɗe tana kallon gilasan, sannan ta dubi ubanta da ya shigo jiƙe sharkaf.

“Baba, ina jajayen?”

“Na zubar da su.”

Idonta ya cika da ƙwalla.

“Su ma ba su yi maka ba?”

Ya buɗe baki zai yi bayani, sai kuka ya ƙwace masa. Ya zube a kan jiƙaƙƙen kafet, ya rungume ta.