Waldar Okechukwu

Ana idar da sallar azahar aka bugo waya caji ofis na Fagge cewa an harbe Alhaji Fatai a cikin motarsa. Sufeto Ari ya ture kwanon abincinsa ya ɗauki hula. Zamanin kuɗin fetur ne, kowa ya sayi mota, kowa ya sayi rediyo, ga bindigogin da suka rage daga yaƙin basasa suna yawo a hannun mutane. Ari ya gaji da ganin gawa, sai dai ba mai tambayarsa ko ya gaji.

Motar tana cikin farfajiyar siton Alhajin. Fatai babban dillalin atamfa ne, Bayarabe haifaffen Fagge. Yana kishingiɗe a kujerar baya, jini ya jiƙa babbar rigarsa sharkaf. Direbansa Augustine, tsohon soja, yana tsugune a gefe, hannunsa na dama cikin aljihu.

"Ɓarayi ne, Oga, su biyu," in ji shi. "Ɗaya ya zura bindiga ta taga ya harbi Alhaji, suka gudu."

"Me suka ɗauka?"

"Ba su samu dama ba. Na yi ihu."

"Wa ya gan su bayan kai?"

"Kowa yana masallaci."

"Wace irin bindiga ce?"

"Ban san kan bindiga ba, Oga. Ni a soja tuƙi kawai na yi."

Ari ya leƙa cikin motar. Akwai rami a jikin kujerar gaba, can ƙasa, soson ya ƙone baƙi. Harsashin daga ƙasa ya taso ya shiga cikin mamacin, alhali wanda ya tsaya a taga ƙasa zai harba. Kujerun suna sanye da rigar jan ulu, saƙar hannu, ta kusa da giya kuwa ta warware. Ya gani, ya bar wa cikinsa.

Washegari da hantsi wani ya bugo waya bai faɗi sunansa ba, ya ce a duba rumfar Okechukwu mai walda a bayan Kasuwar Sabon Gari. Saje Emmanuel ya kwashi kurata suka tafi. Ba a jima ba ya dawo da bindiga ƙirar Rasha naɗe cikin buhu, da mai rumfar sanye da ankwa.

"Yallaɓai, aiki ya ƙare!" Saje sai murna yake yi. "Ƙarƙashin tarkacen ƙarfe muka zaƙulo ta, tana warin harsashi."

Ari ya san ma'anar wannan ƙarewa. A dokar lokacin, wanda aka kama da fashi da makami ɗaure shi ake yi a jikin durom, sojoji su harbe shi jama'a na kallo. Ya taɓa tsayawa a irin wannan fili, ya ga masu tallan gyaɗa suna ciniki. Ya tsani ranar har cikin ransa.

Ya zare harsasan, ya jujjuya bindigar. A gefenta na dama akwai sefti, wato ɗan ƙarfen da ake turawa sama a kulle ta, a saukar idan za a yi harbi. Seftin irin wannan bindiga ya yi suna wajen tauri, sai mutum ya sa ƙarfin hannu kafin ya motsa. Wannan kuwa an liƙa masa wani ɗan kunne na ƙarfe, an kuma sassauta shi. Ari ya taɓa shi da ɗan yatsa ɗaya, sai ga shi ya zame ƙasa ba ko ƙara. A gindin kunnen wani siririn zare ya maƙale. Ya ciro shi ya duba a haske, jan ulu ne.

Aka shigo da Okechukwu, dogo, tartsatsin wuta duk ya ɓula masa riga.

"Ka san bindigar nan?"

"Ban taɓa ganinta ba, Oga."

"Wannan waldar fa?"

Okechukwu ya dubi ɗan kunnen, ya kau da kai. "Masu walda suna da yawa a Sabon Gari."

"Na sha biyawa ta rumfarka. Na ga gadajen ƙarfen da kake yi, na ga yadda kake goge bakin waldarka. Hannunka ne. Wa ya kawo maka?"

Okechukwu ya dubi ankwar da ke hannunsa.

"Malam, maganar durom ake yi a nan. Ka gane?"

"Na gane," in ji Okechukwu.

A bakin ƙofa wata mata ta tare Ari, goye da jaririya, idanunta sun kumbura. Ifeoma ce, matar mai waldar.

"Oga, don Allah! Mijina ba ya kashe ko kaza. Mun gudu daga garin nan, mun dawo bayan yaƙi ba mu da ko tukunya, da hannunsa ya sake tayar da mu. Idan ba ka yarda da ni ba, tambayi Augustine, direban Alhajin da kansa. Shi zai shaide shi."

"Sun san juna?"

"Cocinmu ɗaya. Shi ya riƙe yarinyar nan, Agnes, ranar da aka yi mata baftisma, shi ne ubanta na coci. Da hannun hagu ma ya tallafe ta, saboda na daman yaƙi ya cinye yatsu biyu."

Ari ya dube ta, tausayi ya kama shi. Ita a ganinta mai ceto ta ambata.

Da la'asar ya sa aka kira Augustine. Ya ba shi kujera a gaban tebur, Okechukwu kuma yana zaune a benci kusa da bango. Ari ya ɗauki bindigar, ya mayar da gidan harsashi a gabansu, ya ja ta ta yi ƙara, sannan ya tura sefti sama. Gidan harsashin fanko ne, amma shi kaɗai ya san haka.

"Ka ce ba ka san kan bindiga ba, ko?"

"Haka ne, Oga."

"Ni ma irin wannan ba mu saba da ita ba. Amma Saje ya ce muddin ƙarfen nan yana sama, ko yaro ya yi wasa da ita ba ta tashi."

Ya rungumi bindigar a hammata kamar mai riƙe da laima, bakinta na kallon ƙirjin Augustine. Ya ci gaba da surutu yana juyi a kujera, ɗan kunnen yana gogar rigarsa. Gumi ya keto wa Augustine. Idonsa ya bar fuskar Sufeto ya koma kan seftin. Ari ya miƙa hannu kamar zai ɗauki biro, rigar ta ja kunnen.

Augustine ya wuntsila ƙasa har da kujera. "Kau da ita! Kau da ita, Oga! Da kansa yake sauka!"

Ari ya ajiye bindigar a kan tebur.

"Wa ya gaya maka da kansa yake sauka?"

Augustine yana zaune a siminti, hannun daman ya fito fili, babu babban yatsa, babu na tsakiya. Ya dubi hannun nasa.

"Tawa ce. Da ita na dawo daga yaƙi. Alhaji ya sani, shi ya ce in riƙa ajiye ta a mota saboda ɓarayin hanyar Ikko." Ya shafa dungun yatsun. "A bakin daga, bayan an yanke min yatsu, aka far mana a wani rami. Ina ta kokawa da seftin nan ya ƙi sauka, aka harbe abokina a kafaɗata. Na rantse ba wanda zai sake mutuwa kusa da ni saboda jinkirina. Shi ne na cire ƙarfen na kai wa Okechukwu, na ce na ƙofar mota ne."

"Jiya fa?"

"Alhaji ya ce in fito da ita in goge. Tana tsakanin kujeru. Ina ja, kunnen ya kama ulu. Ban ma san ya sauka ba, yatsana yana kusa da kunamar bindigar." Ya dafe kai. "Alhaji bai ce komai ba. Kallona kawai ya yi."

"Wannan tsautsayi ne," in ji Ari. "Da ka faɗa jiya, da kurkuku za ka, ka fito. Buhun da ka ɓoye a rumfar mai walda fa? Wayar da ka bugo mana fa? Su ma da kansu suka sauka?"

Augustine ya rufe fuskarsa da hannu.

Ari ya juya ga mai waldar. "Kai kuma ka san ba na ƙofar mota ba ne."

"Na sani, Oga. Ni ma na riƙe irinta lokacin yaƙi, a ɗaya ɓangaren. Na ga hannunsa ne, na ji tausayinsa."

"Ka gane waldarka tun da safe. Me ya hana ka faɗi sunansa?"

"Na zaci wani ne ya sace masa ita. Na ce in na yi shiru, zai zo da kansa ya fitar da ni." Okechukwu ya sunkuyar da kai. "Tun safe nake jiran sa."

Saje Emmanuel ya cire ankwar daga hannun Okechukwu, ya mayar a na Augustine. Murnar nan ta safe duk ta gudu daga fuskarsa. Ari ya gaya wa mai waldar cewa shi ma zai amsa tambaya kan taɓa kayan bindiga, amma yau a gida zai kwana.

Aka fito da Augustine za a kai shi sel. Ifeoma tana nan zaune a baranda. Tana ganin sa ta miƙe da sauri, fuskarta ta washe.

"Papa Agnes! Na san za ka zo! Ka gaya musu, ko?"

Sai idonta ya sauka kan ankwar. Jaririyar da ke bayanta ta gane shi, ta miƙo masa hannu tana dariya. Augustine ya yi ƙoƙarin cusa hannunsa cikin aljihu, ankwar ta hana shi. Saje ya ja shi suka wuce.